Hannun da Bai Ji Shurin Bindiga Ba

Kwanakin baya na bi ta titin da muke cin abinci a unguwar La Goutte d'Or, na tarar ɗakin bayan kantin Alhaji ya zama wurin gyaran waya. An fasa bangon da ya raba shi da kanti, an sa gilashi da fitilu farare fat, kuma daidai inda muke shimfiɗa tabarma wani mutum na zaune yana cin abinci daga cikin kwali, idonsa a kan waya. Na tsaya a bakin ƙofa har ya ɗago ya tambaye ni da Faransanci ko wayata ce ta lalace. Na ce masa lafiyarta lau, na wuce. Tun daga ranar hannuna na dama yake tuna mini da abubuwan da na ɗauka sun kwanta.

A zamanin da nake faɗa, in azahar ta wuce, duk Bahaushen da ke neman abinci tsakanin Barbès da Château Rouge ya san inda zai nufa. Alhaji, dattijo ne mutumin Tawa mai sayar da shadda, shi ya kafa dokar cewa ba a cin abinci a rarrabe. Yakan ce wanda ya saba ci shi kaɗai a ƙasar nan, kafin sanyi ya fita za a same shi yana hira da bango. Kwano ɗaya ne, babba, fari mai bakin shuɗi. Tuwon sumul ne kullum, wato tsakin alkama, tunda gero ba ya samuwa, amma kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa daga gida suke zuwa a akwatin matafiya. Har yanzu ina jin ƙarar buta a kan roba ana wanke hannu, da rugugin jirgin ƙasa na metro in ya hau gada, da yadda surutu ke mutuwa da zarar an ce bismillah. Kowa gabansa yake ci. Ba ka tsallaka wa ɗan'uwanka, in nama ya gangaro gefenka kuma ka ture shi tsakiya. A garin da za ka yini ba wanda ya kalli fuskarka, wannan kwanon shi ne gidanmu.

Ni daga Maraɗi na zo, ba ni da kowa, ba ni da sana'a sai baki da ƙafa. Na fara da tallar bel da jakunkuna a bakin kasuwa, ina wasan tsere da 'yan sanda. Abin da ya tsayar da ni da ƙafata shi ne haɗuwata da wani mutumin Damagaram da kowa ke kira Baduku, sunan sana'arsa ya cinye nasa. Ya girme ni sosai, don haka Yaya nake ce masa. Yana zaune a wani ɗan ɗaki can ƙarƙashin rufin bene, inda in ka miƙe da sauri sai ka gaisa da katako. Ni nake sa a kawo fatar jar akuya daga gida, wadda aka jeme da bagaruwa, shi yake yanka ya ɗinka, ni kuma in fita in sayar. Ba mai yawan magana ba ne, amma in zai tsokane ni ba ya rasa kalma.

"Ku 'yan Maraɗi, da baki na ɗinki da kun tufatar da duniya," haka yake ce mini.

"Ku kuma da ba mu, Yaya, da kun ci fatarku da miya."

An san shi da abu guda a ɗakin Alhaji: shi ke sauke tukunya daga wuta ba tsumma. Kofin shayi da kowa ke riƙewa da bakin riga, shi da tafi yake kama shi. Ana ta yaba masa, ana cewa allura ta mayar da hannunsa ƙirgi. Ni ma da ni ake yabon.

Wani Bature mai shagon bindigogi a garin Lyon ya ga jakar fatarmu a hannun wani, ya nemo ni. Muna kiransa Mai Lofe, don ba a raba bakinsa da lofe ko babu taba a ciki. Da farko kube muke ɗinka masa na ƙananan bindigogi, ya aiko da siffarsu ta katako, mu ɗinka a kai. Daga baya ya ce 'yan kulob ɗinsu na harbi suna kukan hannu, yana son safar hannu ta fata, siririya yadda yatsa zai ji kunamar bindiga, amma mai kauri a inda bindiga ke duka. Ni na ga ciniki, na amsa tun kafin ya rufe baki. Baduku kuwa ya ce shi ba ya yanka fata don aikin da bai gani da idonsa ba. Shi ya sa muka hau sabon jirgin ƙasan nan mai launin lemu da ake ta labarinsa a lokacin, wanda kafin ka gama gyara zama gonaki sun fara gudu baya.

Wurin harbin a ƙarƙashin ƙasa yake, dogon ɗaki mai warin albarushi da mai. Aka ba mu abin toshe kunne. Mai Lofe ya jera bindigogi a kan tebur kamar mai tallar kifi, yana kiran kowace da lambar harsashinta. Ni ban taɓa riƙe bindiga ba, iyakata in ga ta mafarauta daga nesa. Ya gyara mini tsayuwa, ya nuna mini takarda mai baƙin da'ira can gaba, ya miƙo mini mai cin harsashi mai lamba ashirin da biyu. Na runtse ido na ja kunama, ina jiran tashin duniya, sai na ji ɗan motsi kawai. Na yi dariya. Ya ce in adana dariyar. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan na fara koyon abin da ban zata ba, cewa girman bindiga ba shi ke faɗa maka zafinta ba. Libarba mai nauyi da ta cika mini hannu, mai cin talatin da takwas, ta yi mini ladabi. Ƙanwarta mai gajeren baki, wadda za ta shige aljihu, harsashi iri ɗaya suke ci, amma ta mare ni a tafi har na yarfe hannu. Mai Lofe ya ce ƙarfin guda ne, sai dai babbar tana shanye rabi da nauyinta, ƙaramar kuwa duk abin da aka ba ta kai take miƙa wa. Na ce masa ai haka mutane ma suke a kasuwa.

Da aka zo kan Baduku, sai ya tsaya kamar an dasa shi. Ya harba ta farko, ya harba ta biyu, fuskarsa ba ta canza ba. Duk wadda ya ajiye, Mai Lofe ya tambaya yaya ya ji, ni in fassara, shi kuma ya ce, "Ba laifi." Har mai cin ɗari uku da hamsin da bakwai, wadda ta sa haƙorana suka haɗu, ba laifi ya ce. Bature ya yi ta jinjina masa. Ta ƙarshe wata 'yar fistol ce siririya mai cin bakwai da sittin da biyar, irin wadda ƙarfen samanta ke zamewa baya da ƙarfi in an harba. Baduku ya kama ta can sama fiye da kima. Ya harba har harsashi ya ƙare, ya ajiye, ya juyo yana jiran abin da za a ce. Jini na bin bayan hannunsa na dama yana ɗiga daga gaɓar yatsa zuwa siminti. Ƙarfen ya tsaga masa fata tsakanin babban yatsa da manuni, ba sau ɗaya ba, layi biyu kamar sawun keke.

"Yaya, hannunka."

Ya duba hannun hagu tukuna. Wannan dubawar ita ta tsaya mini a rai. Mutumin da ƙarfe ya yanka bai san wane hannu ba ne.

Mai Lofe ya kawo magani da bandeji, yana cewa wannan 'yar banzar ta saba cizon mutane, amma bai taɓa ganin namijin da ta ciza ya ƙi ko ƙiftawa ba. Ni ban yi dariya ba. Na tuna tukunya, na tuna kofin shayi, na tuna doguwar rigar da ba ya naɗe hannunta ko a tsakiyar zafi, da yadda yake alwala shi kaɗai bayan kowa ya tashi.

A jirgin komawa mun sami kujeru biyu a ƙarshen tarago, ba kowa kusa. Rana na nan da saura, tana bin tuddai. Na bari muka fita gari, sannan na ce, "Yaya, ni ɗan kasuwa ne, ba na son a sayar mini da kaya a ƙulle. Tun yaushe?"

Bai yi musu ba. Ya naɗe hannun riga ya nuna mini wani tabo fari-fari a damtse, faɗinsa kamar ganyen goro. Ya ce ya jima. Da fari gefen ƙaramin yatsa ne, sai ya bazu. Ido yanzu ke yi masa ɗinki, hannu bi kawai yake yi.

"Ka san sunansa," ya ce. "Ba sai na faɗa ba."

Na sani. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san kuturta, ya kuma san abin da ake yi wa mai ita. Ba a zaginsa, ba a korarsa da sanda. Kwanonsa kawai ake warewa.

"In Alhaji ya ji, shi ke nan," ya ce yana kallon taga. "Ni ba mutuwa nake tsoro ba, Ɗan Maraɗi. Ɗakin nan nawa ka san shi. In ba don saukowar azahar ba, sai in yi mako ban ji Hausa ba."

Ba zan ɓoye ba, na lissafa har da kaina a ciki, don shekaru na yi hannuna na gefen nasa a kwano. Sai ya gyara zama, ya koma baduku, ya ce aikin mutane na nan, an karɓa kuma sai an yi. Shi daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa ya ji girgiza, amma tafi bai gaya masa komai ba, safa kuwa a tafi take zama. "To faɗa mini. Kowace yaya ta yi? Kada ka yi mini bakin talla."

Na fara, kuma dole na nemo abubuwan da hannunsa ya sani tun yana ji. Na ce ashirin da biyu kamar ka riƙe tsaba a tafi ɗan tsako ya tsattsaga. Mai lamba tara, a fistol mai nauyi ta ƙarfe, kamar ka kama ƙofa iska ta fizge ta, da sauri take zuwa da sauri take wucewa, bakinta ya ɗaga sama ya dawo. Arba'in da biyar, duk da girman harsashinta, ba duka take yi ba, turi take yi, kamar rago ya jingina goshi a hannunka ya matsa a hankali. Ya ce, "Turi ko tunkuyi?" Na ce turi. Ya gyaɗa kai. Ɗari uku da hamsin da bakwai kuwa, na ce ya tuna ranar da ya sari busasshiyar ƙirya da gatari, ƙota ta mayar masa da saran har cikin ƙashi. Ya yi murmushi, ya ce ya tuna, ubansa ma ya ƙara masa da ranƙwashi. Gajeruwar libarba na ce macen jaki ce mai sabuwar haihuwa, ba ta da girma amma kada ka tsaya bayanta.

"A ina take sauka? Nuna a hannunka."

Na duba hannuna, na duba nasa da ke kan gwiwa cikin bandeji, na zaro biro daga aljihu. Na ce, "Kai za ka yanka fata, a naka za a zana. Kawo."

"Ba ka ji abin da na ce maka ba ne?"

"Na ji. Kawo hannu, Yaya, kada biro ya bushe."

Ya daɗe kafin ya miƙo. Na kama shi, na buɗe tafin, na zana da'ira a gindin babban yatsa inda libarba ke sauka, na ja layi a gefen bandeji, a kwarin da ke tsakanin yatsu biyu inda fistol ke zama, na ɗiga alama a gaɓar yatsan tsakiya inda ƙarfen da ya kewaye kunama ke bugu. Yana kallon biro na tafiya a fatarsa kamar a kan takarda ake rubutu. Hannun da ɗumi, da nauyi, kamar na kowa.

Washegari ban fita kasuwa ba, na tasa shi gaba zuwa asibitin da ke duba ciwon fata. Ya so ya ƙi, na ce masa ni ban iya jinya ba amma na iya naci. Wata likita mai furfura ta duba shi, ta ce an sami magani yanzu, in ya shiga jiki ciwon ba ya ƙara kama wani, ya ci abinci da wanda ya ga dama. Jin da ya tafi ne kawai ba zai dawo ba. Ni ma ta duba ni ta ce ba komai. Muka ce wa mutane aikin Lyon ne ya riƙe shi a ɗaki, ni nake hawa masa da tuwo. Da likita ta ba da izini ya sauko, ranar har turare ya shafa.

Sai dai maganin yana da nasa tonon asirin. Yana rina fata ta yi ja-baƙi, kamar tagullar da ta sha wuta. A cikin masu cin kwanon akwai wanda ya taɓa aikin asibiti a gida, ya kuma san wannan launi. Ban ji lokacin da maganar ta zaga ba. Wata azahar dai muka shigo muka tarar da babban kwano a inda ya saba, can gefe kusa da ƙofa kuma an ajiye wani ƙarami, sabo, da murfi. Alhaji bai ɗaga ido ba ya ce, "Malam Baduku, an ware maka naka, ka ci a natse, tunda hannun na damunka."

Baduku ya ce, "Na gode, Alhaji. Allah ya ƙara arziki." Ya je ya zauna. Ya buɗe murfi, sai ga nama zuƙu-zuƙu, wanda ya fi na babban kwano yawa. Wannan naman ya fi zagi ciwo.

Na riga na wanke hannu, na riga na zauna a gurbina. Na ce, "Alhaji, likita ta ce ba ya yaɗuwa. Da kunnena na ji."

"Likita ba ta cin tuwo da mu, ɗana," in ji Alhaji, a hankali, ba da faɗa ba.

Ban ga laifin tsohon ba, abin da ya tashi ya tarar ke nan, kuma mutane da yawa yake riƙe da su. Na dai tashi na koma bakin ƙofa na zauna gaban ƙaramin kwano. Wani daga baya ya ce, "Ɗan Maraɗi ya hango nama." Na ce, "Ai kun san ni, inda riba take nan nake." Aka yi 'yar dariya, ba ta kai bango ba ta mutu. Baduku ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Tashi, kada ka ɓata wa kanka." Na ce, "Matsa hannunka, Yaya, kana shiga gabana."

Ba mu daɗe muna zuwa ba. Shi ya ce a bari, don kullum muka shigo sai Alhaji ya rasa inda zai sa ido, kuma bai kamata a riƙa kunyata dattijo a ɗakinsa ba. Muka koma ci a ƙarƙashin rufi, mu biyu, tattabaru na tafiya a kan kwanon rufi sama da kanmu. A titi kuma na lura masu gaishe ni sun koma dafa ƙirji daga nesa. Ban bi kowa da bayani ba. Safar hannun kuwa ta karɓu a Lyon, har wasu garuruwa suka nema. Duk lokacin da sabuwar bindiga ta shigo shagon Mai Lofe, ni ke hawa jirgi in je in harba, in dawo da zafin a tafina kamar saƙo. Tun ina kan matakala, kafin in cire takalmi, sai in ji muryarsa: "To, yaya ta yi?" In zauna in faɗa, shi kuma ya yi ta yi mini gardama a kan abin da bai ji ba. Ban taɓa samun wanda ya saurare ni kamar haka ba, kafinsa ko bayansa.

Da yatsunsa suka fara lanƙwashewa, allura na faɗuwa bai sani ba, ya ce zai koma gida tun ana iya gane shi. Na raka shi filin jirgi. Labarin rasuwarsa a bakin wani matafiyi na ji, a tsaye a bakin kasuwa, tsakanin gaisuwa da tambayar farashin goro. Lokacin Alhaji ma ya riga ya tafi, kwanon ya watse, kowa ya kama gidansa a bayan gari, a Stains ko Sevran. Ban ƙara komawa Lyon ba. An ce mini yanzu bindigogin ma rabinsu roba ne, kubensu inji ke zubawa, safa kuma daga masana'anta take zuwa da lambobi. Wataƙila sun fi namu kyau. Ban sani ba, ba wanda ya tambaye ni.

Na yi kanti, na yi aure, na aurar, na binne matata. Yanzu ina zaune a hawa na sama a Sevran, inda maƙwabcina bai san sunana ba, ni ma ban san nasa ba. In sanyi ya shigo, gindin babban yatsana na dama yana yi mini zogi, daidai inda na zana wa Baduku da'ira, sai in ce a raina yau ta gajeruwar libarba ce, ko yau turin rago ne, in rasa wanda zan gaya wa. 'Yata takan kawo mini tuwo ranar Lahadi. Rannan ta tsaya tana kallon kwanon da na ture, ta ce, "Baba, kai kullum gefe ɗaya kake ci, ka bar rabi a tsaye kamar an yanka da wuƙa. In ya yi maka yawa in rage."

Na ce mata kada ta rage, ta bar shi yadda yake.